Hannun hagu tukuna

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Malama ta turo darasi na tara a waya: aikatau masu komawa kan mai yinsu, wato abin da mutum ke yi wa kansa. Mu a Hausa sai mu ce na yi wanka, mu wuce. Su a Sifaniyanci sai sun liƙa wata 'yar kalma a gaba, me, don kowa ya shaida ba wani ne ya yi maka ba. Me levanto, na tashi. Me lavo, na wanke jikina. Me visto, na sa tufafi. Guda ashirin ta jero, ta ce a haddace, kuma kowa ya riƙa rubuta yadda safiyarsa take tafiya, kullum, da lokaci.

Na ce mata na yi tafiya, shi ya sa ba ta ganina a aji. Ta ce Allah ya dawo da ni lafiya. Ajin a bene na biyu yake, matakala talatin da biyu. Da ina hawansu ban taɓa ƙirgawa ba. Yanzu daga kan kujerar nan na ƙirga su da ka.

Yau kwana goma sha tara da dawo da ni gida daga asibiti, bayan shanyewar ɓarin jiki. Allah ya bar mini hannun rubutu. Ɗayan yana kan cinyata.

Tela ya zo ƙarfe bakwai, ya tafi takwas da rabi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A aji huɗu ya bar makaranta ya kama keken ɗinki, kuma na sha faɗa masa ra'ayina a kan haka.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Injiniya ya zo. Ɗana ne, amma tun da ya karɓo takardar digirin nan kowa haka yake kiransa, har ni. Bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana juya makullin mota a yatsa, yana duban kantocin littattafaina kamar mai auna kwali nawa za su ci.

Ga abin da suka yanke shi da likitar gashi, mai motsa mini gaɓoɓi a asibiti, a bayan idona. Ranar ƙarshen wata za ta zo nan ta gani da idonta. In na tashi daga gado, na shiga banɗaki na fito, na sa riga na ɓalla maɓallanta ba da hannun kowa ba, zan ci gaba da zama a gidana. In na kasa, akwai ɗaki a gidansa kusa da kicin, har an yi masa fenti.

"Baba, ba kora ba ce fa. Kulawa ce."

"Wane launi?"

"Na'am?"

"Fentin."

"Ruwan madara."

"Na asibiti ke nan."

Ya ce ɗakin yana da taga. Na san tagar, tankin ruwa take kallo. Tawa ta nan titi take kallo, da tashar bas, da mai gyaran agogo da ke buɗe shago ƙarfe tara daidai. Shekara ashirin da shida ina gidan nan. Kujerar uwarsa tana inda ta bar ta. Ban ce masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ce ya ja mini ƙofa in zai fita.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tela yana cuɗa mini baya ya ce, "Yaya, wai me za ka yi da Sifaniyancin nan a shekarunka? Ko an ce maka da shi za a yi tambayar kabari?"

Na ce ya kula da aikinsa, sabulu na shiga mini ido.

Amsar ga ta nan, tunda takarda ba ta dariya. Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen fassara: Faransanci, Turanci, Larabci. Wata shekara aka yi baƙi masu Sifaniyanci, aka ɗauko wani da ya yi wata tara a waje ya zauna kusa da su kwana uku. Baƙi suka tafi, shi ya zauna. Bayan shekara biyu shi ke sa hannu a takardar hutuna. A ƙarƙashinsa na yi ritaya. Na shiga ajin nan ne don in tabbatar wa kaina aikin wata tara ne, ba wani abu ba. Ba ni da wanda zan nuna wa. Mutumin ma bara ya rasu.

Aikin gida ina yinsa yadda na saba a ofis: kwanan wata a sama, asali a shafin hagu, fassara a shafin dama. Hausa tukuna, sannan Sifaniyanci. Duk inda ake buƙatar 'yar kalmar nan sai in rubuta "da kaina" a Hausar, don kada in manta da ita in na zo juyawa.

Ina tashi da kaina ƙarfe shida. Ina wanka da kaina. Ina aski da kaina.

Ba kuskure ko ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Asibiti. Likitar gashi ba ta kai shekarun takardar digirina ba. Ta lanƙwasa, ta miƙe, ta ce in matse mata yatsa. Na matse. Ta ce, "Baba, ka fara?" Na ce na gama.

Ta ba ni takarda mai hotuna, wani mutum marar fuska yana sa riga mataki-mataki. Ta yi bayani mai tsawo, ni kuma ina karanta sanarwar da ke bango bayanta, wadda aka fassara da ƙafa. Ta kuma ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da na iya yi kullum. Na ce to.

Takardar tana ƙarƙashin filas ɗin shayi. Ta hana teburin jiƙewa.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Tela ya zo. Tela ya tafi. Hannun yana nan.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Mun yi 'yar hayaniya.

Kullum in ya ɗago riga nakan miƙa masa hannun dama, ya zura. Sannan ya zagaya baya ya yi ta fama da ɗayan, yana ja, yana ɗagawa, yana haki, ni ina cije baki. Yau ya tsaya da rigar a hannu.

"Yaya, ba ni na hagun tukuna."

"Shekara sittin da takwas da dama nake farawa. Haka Inna ta koya mana, ko ka manta?"

"Inna ba ta ga hannun nan ba."

"Ni ma ban nemi ka gan shi ba."

Ya zura na daman. Da ya zo maɓallai sai ya ce zai iya cire su ya sa mini zif, aikin minti goma ne. Na ce ranar da ya ga na fita titi da zif a ƙirji kamar jakar tafiya, ya tara mutane a yi mini addu'a. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Riguna shida gare ni masu maɓalli, bakwai-bakwai. Duk shi ya ɗinka su. Wannan ban taɓa lura ba sai yau.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Na haddace goma sha tara.

Akwai ɗaya da ta burge ni, quejarse, yin ƙorafi. Su a wurinsu ƙorafi ma abu ne da mutum ke yi wa kansa. Me quejo. Wannan ko ba darasi na iya.

Ta goma sha huɗu na tsallake. Ba wuya gare ta ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Malama ta turo murya. Ta ce a karanta nawa a aji don 'yan baya su ga yadda ake yi. "Baba, ka fi su duka, kuma kana kan hanya!" Ta ce daga yau a koma abin da ya wuce, a rubuta abin da aka yi da safiyar ranar. Ta kuma maimaita dabararta: kada a haddace a zaune, a faɗi kalma lokacin da ake yin aikin. Kana wanke fuska kana cewa me lavo. Wai jiki ya fi kai riƙo.

Na rubuta: Yau na tashi da kaina ƙarfe shida. Na yi wanka da kaina. Na sa riga da kaina bakwai saura kwata. Me levanté, me lavé, me vestí.

Lokacin da nake rubutawa Tela yana durƙushe yana sa mini safa. Ya ɗago ya ce, "Me kake rubutawa haka da murmushi?" Na ce ba murmushi nake ba, bakin ne ya karkace.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Wanka ya fara yiwuwa. An sa kujerar roba a banɗaki, da soso mai dogon mariƙi. Tela yana tsayawa a bakin ƙofa kawai yana ba ni labarin masu kawo ɗinki.

Riga ce matsalar. Bayan ya tafi na ɓalle maɓalli ɗaya, na gwada mayarwa da hannu guda. Minti goma sha ɗaya. Na duba agogo. Bakwai sau goma sha ɗaya, ba sai an je jami'a ba.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Injiniya ya turo hoton ɗakin. An sa labule.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Injiniya ya zo da rana. Ina banɗaki. Littafin aikin gida yana kan tebur a buɗe. Da na fito na same shi tsaye da littafin a hannu, idonsa ya yi ja. Na ɗauka wani abu ya sami yaransa.

"Baba! Tun yaushe? Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Shafin hagu yake karantawa. Na daman bai ko kalla ba, ya ga baƙin rubutu ya wuce. Ya ga kwanan wata, ya ga lokaci, ya ga "da kaina" a kowane layi. Ya ɗauka littafin da likita ta ce in riƙa cikawa ne.

"Har aski, Baba? Tun ranar biyar ga wata?"

Na buɗe baki. Rabon da ya dube ni haka, ina jin tun ranar da na kai shi filin jirgi yana ɗan shekara tara ya ji ina magana da wani baƙo da Faransanci. Na rufe bakin.

Nan take ya kira likita a gabana. Ya ce ba sai an jira ƙarshen wata ba, me ake jira? Suka tsayar da Litinin ta sama, ashirin da huɗu. Sannan ya kira Tela. Ina jin muryarsa ta cikin wayar.

"Baffa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka. Daga gobe ka huta, ka koma shagonka. Ashe Baba komai da kansa yake yi, ɓoye mana yake."

Tela ya ce, "To. Madalla."

Abin da ya ce ke nan. Mutumin da ya sa mini safa da safiyar nan.

Na rage wa kaina kwana bakwai da alƙalamina. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa miƙa fassarar da ta yi ƙarya ba. Asalin ne wannan karon ya yi.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na tashi ƙarfe shida. Wannan gaskiya ne. Na yi wanka, ya ɗauki minti arba'in, na jiƙa rabin ɗaki. Shi ma gaskiya ne.

Bakwai ta yi, ba a ƙwanƙwasa ba.

Na ɗauko shuɗiyar rigar. Na zura hannun dama. Rigar ta rataya a baya inda ba na kaiwa. Na karkata, na jijjiga kafaɗa, na kamo wuyanta da haƙori. Na samu na jawo ta ta kan kai, sai hannun rigar na hagu ya juye ciki, na daman ya ɗaure a gwiwar hannu. Na kasa sawa, na kasa cirewa. Na zauna a bakin gado, rabin fuskata cikin riga, gumi yana bin bayana. Ta taga na ji mai gyaran agogo yana ɗaga ƙofar shagonsa. Tara ke nan.

Tara da kwata aka ƙwanƙwasa, irin ƙwanƙwasarsa, biyu sannan ɗaya. Yana da makulli. Na ji ya buɗe ƙofar waje, ya zo bakin ƙofar ɗaki, ya tsaya.

"Yaya, ka shirya?"

"Na kusa."

"Madalla. Ni dai an sallame ni daga aiki, wucewa nake na ce bari in gaida ku."

Shagonsa yana can ɗaya ƙarshen gari. Ba ta nan ake wucewa ba.

Na ji ya jawo kujera ya zauna a bayan ƙofa. Ya fara ba ni labarin wata mata da ta kawo yadi ɗaya da rabi tana son riga da zane da ɗankwali. Na bar shi ya kai ƙarshe. Sannan na ce, "Shigo."

"A'a. In na shigo na ƙaryata ɗanka, kuma yaron kirki ne. Ina ta maƙale?"

Na faɗa masa.

"Sunkuyar da kai. Kamo ta ta ƙeya, ja gaba. Ta fita?"

"Ta fita."

"To shimfiɗa ta a cinyarka, cikinta yana kallonka, wuyanta wajen gwiwa. Ka san mutum-mutumin nan na shagona da nake rataya wa kaya?"

"Ni kake haɗawa da gunkin katako?"

"Shi ya fi ka haƙuri. Hannunsa ɗaya a ƙage yake, ba ya lanƙwasuwa. Shekara ashirin ina sa masa riga. In ka fara da mai motsi, ka gama da rigar, ba sauran yadin da zai kai wa ɗayan. Wanda ba ya zuwa wurin riga, riga ake kai masa. Ɗauki na hagun da na dama, ka jefa shi cikin hannun riga kamar kana sa burodi a leda."

Na ɗauka. Yana da nauyi. Ban taɓa ɗaukarsa da kaina ba, kullum wani ke ɗagawa ni ina kallon bango.

"Ja ta har sama da gwiwar hannu. Kada ka tsaya a wuyan hannu, nan kowa ke cutar kansa. Har kafaɗa. Yanzu kamo wuyan rigar ka wurga ta baya. Sai mai lafiyar ya nemi hanyarsa, shi ba ya ɓata."

Ya shiga. Minti huɗu, wataƙila biyar.

Na daɗe a zaune. Sannan na ɗaga filas na zaro takardar likita. Shayi ya ɓata rabinta, amma ana gani. Mutumin nan marar fuska da hagu ya fara. Kwana goma sha ɗaya yana ƙarƙashin filas yana farawa da hagu.

"Yaya, ka mutu ne?"

"Maɓallai."

"Su kam sai haƙuri. Fara daga ƙasa, inda idonka ke gani."

Uku na ɓalla cikin rabin awa. Daga nan ya shigo, wai ya zo ɗaukar almakashinsa da ya manta. Bai manta komai ba. Ya ƙarasa sauran huɗun yana kallon silin.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Hagu tukuna. Na yi sau shida, ina sawa ina cirewa. Na gwada dabarar Malama, ina faɗa ina yi. Me visto, hannu ya shiga. Me visto, har kafaɗa. Me visto, a wurga baya. Abin haushi, yana aiki. In na yi shiru sai na daman ya riga ni miƙewa, don ya saba.

Inna ta yafe mini.

Maɓallai: minti hamsin da biyu.

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Tela ya sake "wucewa". Ya buɗe kabad ya ce rigunan nan duk sun yamutse, kunya ce likita ta gan su haka, zai kai shago ya goge. Ya kwashi biyar. Farar da ke jikina ya bari.

Maɓallai: arba'in da takwas. Likita ba za ta zauna awa guda tana kallon babban yatsana ba.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Ban je asibiti ba, Injiniya ya ce ba amfani tunda za ta zo. Ya kira yana tambaya ko a mayar da labulen. Na ce ya bari tukuna. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Riguna sun dawo a ninke, suna ƙamshin guga. Na sa shuɗiyar.

Minti goma sha tara.

Na cire na sake. Goma sha huɗu. Ashe yatsa ma yana koyo in an matsa masa. Na faɗa wa Tela, ya ce, "Ai kai dama mai ƙwaƙwalwa ne, Yaya." Ban ji alamar zolaya a muryarsa ba, na duba sosai.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Malama ta tambaya me ya sa kullum jerina goma sha tara ne.

Caerse. Faɗuwa. Su ko wannan a cikin abin da mutum ke yi wa kansa suka sa shi.

Me caí, na faɗi. Ranar da abin ya same ni, ƙarfe shida da minti ashirin na safe, tsakanin ƙofar banɗaki da kujerar uwar Injiniya. Tayil ɗin yana da sanyi. Ina jin bas na tsayawa yana tashi. Na ji an buɗe shagon agogo. Ƙarfe goma da wani abu wani ya zo kawo mini wando da ya rage wa tsawo, ya ƙwanƙwasa biyu sannan ɗaya, bai ji amsa ba.

Na rubuta mata jimla ɗaya kawai, na ce ba tafiya na yi ba. Ashirin sun cika.

Lahadi, 23 ga wata, da safe

Minti tara.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sun zo ƙarfe takwas, ita da Injiniya. Tela ya riga su, ya zauna a falo kamar baƙo, hula a gwiwa.

Kafin a fara Injiniya ya ɗauko littafin ya miƙa mata da alfahari. Ta buɗe, ta karanta shafin hagu, ta dubi na dama, ta dubi haɓata, ta dubi hannun.

"Baba, ranar biyar ga wata ka yi aski da kanka?"

"A Sifaniyanci na yi."

Tela ya yi tari a falo. Na ce wa Injiniya aikin gida ne na makaranta, ban yi ko ɗaya ba a ranakun da aka rubuta, Baffansa ne ya yi. Na faɗa a taƙaice. Ya ajiye makullin mota a kan tebur. Ban taɓa ganin ya ajiye shi ba.

"To me ya sa ka bar ni na..."

"Ka yi murna. Na daɗe ban gani ba."

Likita ta rufe littafin ta ce, "To mu ga na Hausa."

Na kwanta, na tashi. Na shiga banɗaki, na fito. Na zauna a bakin gado na shimfiɗa shuɗiyar a cinya. Na daman ya fara miƙewa, na ce me visto da ƙarfi, ya koma. Ta ɗaga gira. Hagu, gwiwar hannu, kafaɗa, baya. Maɓallai daga ƙasa. Na biyar ya kuɓuce sau biyu. Injiniya ya taka ƙafa ɗaya gaba, ta tare shi da biro ba tare da ta dube shi ba.

Minti goma sha ɗaya duka.

Ta yi rubutu. Ta ce a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a ɗauke tabarmar bakin ƙofa, waya ta riƙa zama a aljihuna ba a kan tebur ba, kuma wani ya riƙa leƙowa kowace safiya. Aski kada in kuskura. In an yi waɗannan, ba ta ga dalilin ɗaga ni ba.

Da za ta fita ta kama gaban rigata ta duba, ta murza maɓalli ɗaya tsakanin yatsunta. Ta ce, "Wa ke maka ɗinki, Baba?" Na nuna falo da haɓa. Ta ce, "Ka riƙe shi."

Injiniya ya tsaya a ƙofa ya ce ɗakin yana nan dai, ko don hutu. Na ce ya sa littattafan yaransa a ciki, tagar ba ta da abin da zai ɗauke musu hankali.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Maganar likita ta tsaya mini. Da safe na ɗauko farar rigar, wadda ba a kai guga ba. Minti arba'in da ɗaya, kuma ban gama ba.

Na cire ta. Na shimfiɗa ta a gado kusa da shuɗiyar, na sa tabarau.

Ramukan maɓallan shuɗiyar sun fi tsawo, da kamar ƙwayar shinkafa. An tsaga kowanne, an sake bin bakinsa da hannu, da zare launin yadin, ɗinki ƙanana har sai ka kai ido kusa. Maɓallan kuma an cire an sake ɗaurawa, an ba kowanne ɗan wuya na zare don yatsa ya sami wurin shiga ƙarƙashi. Na buɗe kabad na duba sauran huɗun. Duka. Rami talatin da biyar cikin kwana biyu, mutumin da sai ya miƙa allura wajen taga kafin ya ga kafarta.

Ya zo ƙarfe takwas da reza da burushi. Na zauna, ya shafa kumfa. Bai yi maganar jiya ba, ni ma ban yi ba. Ya ce matar nan mai yadi ɗaya da rabi ta dawo, yanzu har da aljihu take so. Ya ɗaga mini haɓa da yatsa biyu, ya bi wuya a hankali, ya goge, ya ce na fito ango.

Yana haɗa kayansa na miƙa masa farar, a ninke iyakar yadda hannu ɗaya ke ninkewa.

"Wannan ma tana son guga."

Ya karɓa ya sa a ƙarƙashin hammata.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Shida na ɗinka."